Abin da Ya Rage na Ƙarfe Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana karanta labarai a talabijin, kuma bai taɓa yin kuskure ko sau ɗaya ba. Wannan ba irin yabon bayan mutuwa ba ne da ake raba wa kowa kyauta. Tun yana raye ake faɗa, har maƙiyansa na ofis suna faɗa, da ɗan ɗaci a baki. Harshensa bai taɓa tuntuɓe ba, bai taɓa tsallake layi ba, bai taɓa kiran ƙaramin minista da babban minista ba. Abin da aka miƙo masa a takarda shi yake karantawa, daidai wa daida. Ko abin da ke takardar gaskiya ne, wannan aikin wani sashe ne, a saman bene.

Sunansa na yanka ya daɗe da faɗuwa a hanya. Ƙarfe Bakwai ake kiransa, domin lokacin da yake fitowa ke nan, kuma an yi shekarun da mutane ke saita agogonsu da gaisuwarsa. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne a bakin tasha, ya kuma mutu yana ganin wannan ne kaɗai amfanin aikin ɗansa. Shi kuwa da farko malamin firamare ne. Wata rana a gasar guje-guje ta makarantu aka ba shi lasifika ya karanta sunayen waɗanda suka ci. Wani babba daga sabon gidan talabijin yana zaune a rumfa, ya aika a tambayo masa ko wane ne wannan. Yaran da suka yi gudun babu wanda ya sake jin labarinsu.

Gidan talabijin ɗin a lokacin yana da kyamara biyu, ɗaya ke aiki. Yana kuma da kwat ɗaya, shuɗiya mai duhu, wadda aka ɗinka wa mai karatu na farko, wani ƙato da ya koma siyasa. Duk mai karatu ita zai saka. Ƙarfe Bakwai siriri ne, don haka sai a tattare ta a bayansa a maƙale da abin shanya guda uku, ya zauna ƙyam ba ya juyawa. Jama'a suka ɗauka kamala ce. A ƙarƙashin tebur silifas ne a ƙafarsa, saboda fitilun ɗakin dafa mutum suke yi, ga shi ana kashe na'urar sanyi da zarar an fara, don tana gurnani a makirufo. An ce kayan aro ba ya rufe katara. Wannan ya rufe shekara goma sha tara, tunda kyamara ba ta sauka ƙasa da ƙirji.

Ƙarfe huɗu yake isowa. Ya karɓi takardun daga hannun mai tafireta, ya zaro jan biro, ya bi su layi-layi yana sa alama: kara ɗaya, ɗan numfashi, kara biyu, cikakke. Sannan ya tafi ƙarƙashin matakala, inda ake jibge karyayyun kujeru, ya karanta wa bango sau uku. Bai sha ruwan sanyi ba tsawon aikinsa. Bai ɗaga murya a gida ba, ko da yaro ya fasa madubi, ba don haƙuri ba, don tattali. 'Ya'yansa biyar sun taso suna jin muryar ubansu a akwati fiye da a tsakar gida, kuma babbansu ya taɓa cewa a akwatin ta fi fara'a.

Gwamnati shida ya yi wa karatu, uku daga ciki da asuba suka iso a motocin soja. Ya karanta alherin kowacce, ya kuma karanta laifuffukanta bayan ta faɗi, da murya ɗaya, da numfashi a wuri ɗaya. In wani ya tsokane shi a kan haka, sai ya ce, "Ni bututu ne. Ka taɓa jin an kama bututu don ruwa ya zo da laka?" Sai a yi dariya, ban da shi.

A shekararsa ta tara aka yi abin ƙofar masaƙa. Ma'aikata suna yajin aiki, suka taru a bakin ƙofa, sojoji suka zo suka buɗe musu wuta. Ƙanin matarsa, wanda a hannunta ya tashi, yana cikin waɗanda aka kwashe a motar yashi. Daga ranar matar ba ta sake zama gaban labarai ba. Ƙarfe bakwai na yi sai ta sami aiki a madafa. Ya gaya wa baƙi cewa hasken ne ke damun idonta, ita kuma ba ta ƙaryata shi ba. Ta ci gaba da goge masa farar riga, ta ci gaba da zuba masa ruwan ɗumi a filas.

Abokin aikinsa a shekarun nan shi ne wani da ake kira Afuwan, saboda kalmar da ta fi fita daga bakinsa a gaban kyamara ke nan. Afuwan ya taɓa haɗa shafi na uku da na takwas, ya sa ministan lafiya ya ci ƙwallo biyu kafin hutun rabin lokaci. Ya taɓa yin atishawar da ta watsar da labaran duniya kaf zuwa ƙasan tebur. Takardun tuhumarsa sun cika fayil biyu, aka yi ta dakatar da shi ana maido shi, daga baya aka tura shi shirin manoma, daga nan aka tura shi gida. Abin da ake gaya wa sababbin ma'aikata shi ne: ku kalli Ƙarfe Bakwai ku koya, ku kalli Afuwan ku ji tsoron Allah.

Da Ƙarfe Bakwai ya cika shekarunsa aka yi masa liyafa a ɗakin taro, aka ba shi takardar yabo da agogon bango. Bayan wata huɗu gidan ya koma aiki da kwamfuta, inda ba a goge komai, har hammar mai hasashen yanayi.

Shekara goma sha biyu yana zaune a gida lafiya, yana gyara wa masu karatun yanzu numfashi daga kan kujerarsa, su ba sa ji. Sai muryar ta dishe. Ya sha zuma, ya sha ruwan ɗumi, ya yi shiru na mako guda, ba ta dawo ba. Autarsa, malamar makaranta ce mai 'ya ɗaya, ta ɗauke shi a motarta zuwa asibiti.

"Baba, da muryarka aka yaye ni," in ji likitan, yana murmushi. Sannan ya juyo da hoton. Sankara ce a maƙogwaro. Za a cire wurin da murya ke fitowa gaba ɗaya, a huda masa wuya ya riƙa numfashi ta nan. Nan da mako uku.

"Ban taɓa shan taba ba," in ji Ƙarfe Bakwai, kamar mai ɗaukaka ƙara.

"Haka ne, Baba."

"Bayan an cire fa?"

"Bayan nan sai rubutu."

Da suka dawo gida, 'yar Auta mai shekara shida ta hau hannun kujerarsa tana jan gemunsa.

"Kaka, wai kai kake magana a talabijin da? Da wannan muryar kamar ƙofar banɗaki?"

"Ke, sauka. Na fasa auren."

"Ni ma ba na so. Ka tsufa, kuma kana min ƙarya."

Auta ta yi dariya, ta kore ta. Shi bai yi ba. Washegari ya kira Auta ya gaya mata abin da yake so, kuma ba abu ne mai yawa ba. Kafin ranar tiyata yana so a samo kaset ɗaya, ko na minti guda, ya zauna kusa da yarinyar a kunna, ya nuna da yatsa ya ce mata da bakinsa, "Ni ne wannan." Bayan mako uku ba zai iya faɗa ba, ita kuma ba ta iya karatu sosai ba tukuna.

Auta ta ce ai da sauƙi, ta ɗora wayarta a kan tebur, ta ba shi tsohuwar jarida ya karanta. Ya sa alamun numfashi, ya karanta sakin layi biyu, ta kunna masa. Ya saurara har ƙarshe.

"Goge."

"Baba, ai muryarka ce."

"Gawarta ce. Goge."

Aka fara nema daga unguwa. Masu bidiyo a zamanin sun ɗauki fina-finai, sun ɗauki ƙwallo da dambe, babu wanda ya ɗauki labarai. Wani maƙwabci ya zo da kaset yana murna. Aka ga agogon tashar, aka ji kiɗan buɗe labarai, sai hoton ya yanke zuwa bikin 'yarsa. Auta ta tambayi uwarta yadda aka yi su kansu ba su taɓa ɗauka ba.

"Wa ke ɗaukar hoton rana?" in ji uwar, ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. "Gobe ma za ta fito."

Sai suka tafi gidan talabijin. Mai gadi ya tare su a ƙofa ya ce, "Wajen wa ka zo, Baba?" ya ba shi littafin baƙi ya cike. Manaja kuwa, wanda a haife Ƙarfe Bakwai ya haife shi, ya taso da hannu biyu yana cewa, "Tarihi da kansa!" Ya ɗauki hoto da shi, ya sake ɗauka don na farkon bai fito ba, sannan ya tura su sito, a bayan ɗakin janareto.

Mai kula da sito wata dattijuwa ce da ake kira Uwar Sito, wadda ta fara aiki a matsayin mai tafireta, daga hannunta yake karɓar takardu a da. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ji muryarsa, ta kau da kai kamar ta ga tsiraici. Da Auta ta faɗi abin da ya kawo su, Uwar Sito ta daɗe tana juya makullai a hannu.

"Ranka ya daɗe, kai ma ka san yadda ake yi."

Ya sani, mantawa ya yi da gangan, don haka ta yi wa Auta bayanin. Kaset tsada gare shi a lokacin. Guda bakwai aka ware wa labarai, Litinin zuwa Lahadi, ana ce musu kaset ɗin shaida. Kowace rana a ɗauki labarai a kan na ranar, a ajiye shi mako guda ko wani daga sama zai yi ƙorafi. In ba a ji komai ba, Litinin mai zuwa ta hau kan Litinin da ta wuce. In kuwa an yi kuskure, ko an bugo waya daga sama, sai a zare kaset ɗin, a manna masa lamba, a kulle a kabad ɗin ƙarfe don kwamitin bincike. Wanda ya shiga kabad ba a goge shi har abada.

"Kai ka sa hannu a dokar, lokacin kana shugaban sashe," in ji ta. Ta buɗe kabad ɗin. Kaset ɗari biyu da 'yan kai, a jere, suna warin daɗewa. "Kanta biyun nan duk na Afuwan ne. Sittin cif. Kai kuwa, ranka ya daɗe, ba ka taɓa ba mu dalili ba."

Ya tsaya yana kallon kantocin. Wajen dare dubu takwas ya fito, kuma kowanne shi da kansa ya dawo bayan mako ya shafe shi, da kyau, ba tare da kuskure ba.

"Sai dai," in ji Uwar Sito, "an yi wasu watanni da aka gwada karatun mutum biyu, kai da Afuwan. Ka tambaye shi. Ya san kaset ɗinsa kamar yadda mutum ya san tabon jikinsa. Ni ba zan iya bin sittin ba, inji ɗaya ya rage, kuma cin kaset yake in an matsa masa."

Afuwan yana bayan gari yana kiwon kaji. Ya yi ƙiba, haƙoransa na gaba sun tafi, amma muryar tana nan kamar ganga. Tun daga nesa ya fara.

"Wa nake gani? Ƙarfe Bakwai da ƙarfe sha ɗaya na safe! Agogon gari ya lalace."

"Afuwan."

"Na'am? Me ya sami rediyon, batir ne?"

Auta ta gaya masa. Ya ajiye bokitin dusa, ya goge hannu a riga, ya jawo musu benci.

"Ka ga ikon Allah. Ni na sha taba, na tauna ƙanƙara, na yi ihu a filin ƙwallo har aka fitar da ni. Kai ka yi ta lallaɓa ta kamar ƙwai a cokali."

"Akwai kaset ko babu?"

"Ba ka canza ba, ko sannu da kaji babu." Afuwan ya sosa ƙeya. "Wata takwas muka yi tare, kana gefe kana harara ta kamar ƙuda a miya. Tsoronka ya hana ni kuskure. Sau ɗaya aka zare kaset. Kana ciki, kusan minti guda."

"Wace rana?"

"Ka sani." Ya juya ga Auta. "'Yata, duba min kajin can, kamar ruwansu ya ƙare."

Da ta yi nisa ya rage murya, abin da bai taɓa iyawa ba a wurin aiki.

"Lamba tamanin da takwas. Ka bar shi a kabad, abokina. In kuma sai ka gani, kada ka kai 'yar nan taka."

"Murya nake nema, ba magana ba."

"Ka taɓa ganin an raba su?" Afuwan ya kori wata kaza da ƙafa. "Hamsin da taran can kuskure ne, na rantse, kaina ne haka. Wannan ɗayan bakina ne ya ƙi. Wata shida aka dakatar da ni. A nan na koyi kaji, ka ga ban yi asara ba."

Ƙarfe Bakwai ya yi kwana huɗu yana juya maganar. Wataƙila ya ɗauka shekara talatin da huɗu sun isa su wanke kalmomi su bar sauti, kamar yadda ruwa ke wanke rubutu ya bar allo. Wataƙila kuma lissafi ya yi: saura kwana biyar, kuma babu wani kaset. Ya ce wa Auta ta fito da mota, ta cika wayarta da caji.

Uwar Sito ta goge cikin injin da auduga, ta hura kaset ɗin, ta tura shi a hankali tana addu'a. Allo ya yi layi-layi, ya yi ruwa, sannan ya tsaya. Mutum biyu a tebur ɗaya. Ɗaya a cikin shuɗiyar kwat, ɗaya a cikin wata mai ruwan ƙasa da aka aro daga direban manaja.

"Baba! Kai ne? Dubi gashi!" Auta ta ɗaga wayar tana dariya, yatsanta a kan madanni, tana jiran ya fara.

Afuwan ne ke karatu. "Rundunar tsaro ta ba da sanarwa a kan taron da wasu ɓata-gari suka yi yau a ƙofar masaƙa. Sanarwar ta ce…" Ya tsaya. Ya dubi takardar. "Afuwan," in ji shi, sai ya sake yin shiru. A talabijin shirun sakan tara daidai yake da shekara. Sai hannu ya shigo daga gefe ya zare takardar, kyamara ta juya kan Ƙarfe Bakwai.

Muryar ta cika siton. Ba a yi ƙarya ba a duk abin da aka faɗa a kanta. Mai faɗi ce, mai ɗumi, ba ta sauri, irin wadda in ta ce gobe za a yi ruwa mutum zai kwashe shanya.

"Sanarwar ta ce an watse taron cikin lumana. Babu wanda ya rasa ransa, babu kuma wanda ya ji rauni. Rundunar ta gargaɗi jama'a da su guji masu yaɗa jita-jita. Ta kuma shawarci iyalan da ba su ga 'yan'uwansu ba da su bincika gidajen abokai."

Akwai sauran layi uku a kan dokar hana fita. Shafin na Afuwan ne, Ƙarfe Bakwai bai taɓa ganinsa ba sai a lokacin, babu jan biro ko ɗigo a jikinsa. Duk da haka kowane numfashi ya faɗo a wurinsa. Sai allo ya koma ruwa.

Wayar tana cinyar Auta. Ba ta danna ba. Shekararta biyu a lokacin, amma ta taso da hoton wani saurayi a ɗakin uwarta, ta kuma san sunan ranar.

"Ranar Kawu ce?"

Ya gyaɗa kai.

"Lokacin ba ka sani ba tukuna."

"Daga asibitin na wuce aiki," in ji shi. "Ni na riƙe uwarki ta duba fuskokin. Shi ne na goma sha bakwai a layi, kuma layin bai ƙare a kansa ba."

Janareto yana ta ƙugi a bayan bango. Auta ta sake buɗe masa wata ƙofa, domin 'ya ce.

"Amma akwai soja a bayan kyamara, ko? Da bindiga."

Uwar Sito, wadda ita ta buga takardar, ta ɗaga kai tana nazarin silin. Da ya ce e, babu mai ƙaryata shi a ɗakin. Sai dai wannan karon babu takarda a gabansa, kuma bai saba magana ba takarda ba.

"Babu," in ji shi. "Washegari suka zo. Don Afuwan."

Ya dafa tebur ya miƙe, ya dubi Uwar Sito. "A goge shi."

"Ba a goge na kabad, ranka ya daɗe. Dokarka ce." Ta zaro kaset ɗin ta mai da shi kwalinsa. "Kuma injin nan nunawa kawai yake yi yanzu. Ya daina ɗauka."

Suka kama hanyar gida. Auta ta tuƙa da hannu biyu, kamar mai koyo.

Matarsa tana bakin madafa suka shigo. "An samu?"

"Ba a samu ba," in ji shi, ba tare da tuntuɓe ba.

Ta dube shi, ta dubi idon Auta, ta koma kan tukunyarta. "To, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ni dai na ji rabona tun ran nan, Malam. Ina zaune a falo da takalminsa a cinya kake cewa in duba gidan abokai." Ta rage wuta. "Ruwan ɗuminka yana filas."

Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma iyakar abin da ta ce ke nan.  Ya zauna a kujerarsa, jikar ta zo da gudu ta haye hannun kujerar.

"Kaka, ina talabijin ɗin da ka ce?"

Ya daɗe yana kallonta. Auta ta tsaya a ƙofa da makullin mota a hannu.

"Wasa nake miki," in ji shi. "Ban taɓa shiga ba."

"Na sani!" in ji yarinyar, ta sauka ta tafi gaya wa kakarta cewa ta kama shi.

Tiyata ta yi kyau, in ji likita. Ya rayu wata goma sha huɗu bayanta, da ɗan ƙyalle a wuya da littafi a aljihu. Abin da yake rubutawa bai wuce a kawo ruwa, a rage fanka, wa ya zo ba, amma Auta ta lura yana sa musu kara ɗaya ko biyu a inda ya kamata a numfasa. Afuwan ya zo duba shi sau uku, kowane zuwa da kiret ɗin ƙwai, ya yi ta surutu har ma'aikaciyar jinya ta fitar da shi. Ƙarfe Bakwai ya rasu ranar wata Laraba da la'asar, matarsa na riƙe da kofin da ya kasa sha.

Labari ya isa gidan talabijin ƙarfe biyar. Manaja ya ce ba zai yiwu a sanar da mutuwar irin wannan mutum da hoton waya ba, dole a ji muryarsa, a nemo ko a ina take. Uwar Sito ta ce guda ɗaya ne, kuma gara a bar shi. Aka ce ta kawo makulli. Editan da ya karɓa ba a haife shi ba lokacin abin masaƙa, masaƙar ma ta daɗe da zama wurin ajiye motoci. Ya yanke wajen Afuwan don bai ga amfaninsa ba, ya gyara launi, ya cire ƙarar iska.

Aka sa shi a ƙarshen labaran ƙarfe bakwai. A gidan mamacin talabijin a kashe yake, mata sun cika falo suna gaisuwa. Amma na maƙwabta a kunne yake, an ƙure shi don girmamawa, kuma katangar ba ta da kauri.

Mutane da yawa sun bugo waya tashar a daren, wasu suna kuka, suna cewa an tuna musu da lokacin da labarai suke labarai. Babu wanda ya yi ƙorafi. Yanzu abin yana cikin kwamfuta, inda ba a goge komai. Tsawonsa sakan arba'in da ɗaya ne, kuma shi ake kunna wa sababbin ma'aikata a makonsu na farko, don su koyi inda ake numfashi.